Takardar Izini Daga Ostireliya

A shekarar da nake son ba da labarinta, na fi sanin littattafan da ke fitowa a Ostireliya fiye da yadda na san wa ya haihu da wa ya rasu a layinmu na Gyallesu. Ban taɓa zuwa ƙasar ba, har yau kuma ban je ba. Abin da ya haɗa ni da su wani ɗan ƙaramin kamfanin buga littattafai ne na mutum uku, wanda kowace shekara yake fitar da littafi guda na labaran rayuwa na gaskiya. A wannan shekarar suka ce sun buɗe ƙofa ga marubutan wasu ƙasashe. A waya na ga sanarwar, ina zaune a ofishin malamai ina jiran a kaɗa ƙararrawa.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma tun ina budurwa nake rubutu. Na fi shekara goma ina aika labaraina nan da can, ana mayar mini da su da lallausan harshe, wasu ma ko amsa ba sa yi. Ina da zuciya, ba zan ɓoye ba, ina kuma da son a ce na iya. Saboda haka da na ga sanarwar sai na ce wannan karon sai na san bakin mutanen kafin in ɗora musu tukunya.

Na zauna na karance su. Duk mujallar adabin ƙasar da ake iya buɗewa a intanet sai da na bi ta. Na san lokacin da suke fitar da jerin littattafan da za su yi takarar kyaututtuka, na san tsegumin da ke biyo baya, wa aka saka, wa aka bari. Na gane manyan littattafansu sai ƙarshen shekara suke fitowa, gab da hutun Kirsimeti, wanda a wurinsu tsakiyar zafi ne, daidai lokacin da mu muke neman bargo. Na kuma lura da wata gardama da ta cika musu shekarar, a kan wa ke da ikon ba da labarin wa. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka je suka tarar, sun daɗe suna kukan cewa baƙi sun kwashi labaran kakanninsu sun buga ko sallama babu. Ina karantawa ina gyaɗa kai, ina cewa Allah wadaran Bature. Ko kusa ban kawo cewa maganar za ta biyo ni har cikin ganuwar Zariya ba.

Labarin da na aika musu na Gwaggo ne, yayar mahaifina. A gidanmu na gado da ke Limancin Kona take, a ɗakin ƙurya kusa da rijiya, kuma ita ta riƙe ni tun da mahaifiyata ta rasu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Uwata. Mahaifinsu, kakana ke nan, shi ne wanda duk unguwa ke kira Malam kawai. Sana'arsa kwafar littattafai da hannu, na fiƙihu da na nahawu da waƙoƙin wa'azi na ajami, kuma hannunsa ya yi suna har ƙauyukan da ke kewaye da birni. Ya rasu ban yi wayo ba, amma har gobe akwai gidajen da za ka shiga a ciro maka gafaka daga ƙasan akwati, a ce wannan hannun Malam ne, yi alwala kafin ka taɓa.

Da na haifi 'yata ta fari na koma gida wankan jego, a ɗakin Gwaggo na yi kwana arba'in ɗin. Wata rana da hantsi tana dama mini kunun kanwa, na tambaye ta me ya karkatar mata da yatsan tsakiya, har ya yi kanta a gefe kamar na manomi. Ta dubi yatsan ta yi dariya ta ce alƙalami ne. Daga nan magana ta ɓalle. Ashe shekara goma sha biyun ƙarshe na rayuwar Malam yanar ido ta rufe masa gani, layi biyu yake gani a wurin ɗaya. A lokacin ita kuma mijinta ya rasu ta dawo gida. Tun tana yarinya take zama gefensa tana fere masa alƙalami, tana haɗa tawada, tana kwaikwayon rubutunsa a allo, har ya kai shi kansa ba ya bambance nasa da nata. Sai ya zama masu kawo aiki su miƙa wa Malam a zaure, aikin ya shigo cikin gida, ita ta tura ƙofa ta rubuta, a mayar zaure Malam ya miƙa wa mai shi da addu'a.

Ta gama ta ce, "Sha kununki kafin ya huce, Uwata."

Ba ta ce in rufa ba. Wannan na riƙe shekara da shekaru a matsayin hujja, wai ai ba ta ce kada in faɗa ba. Amma ni 'yar gidan ce. Na san abin da aka faɗa wa mai jego a bayan labule da murya ƙasa-ƙasa ba na fita waje ba ne.

Cikin sati uku na rubuta shi da Turanci, raina na tafasa. A idona fashi aka yi wa Gwaggo da tsakar rana: mace ta yi shekara goma sha biyu a duƙe, namiji ya kwashe suna. Na rubuta hakan, na kuma ƙara gishiri a inda na san zai yi wa mai karatun can daɗi. Na ce manema sun yi ta zuwa ana korarsu don kada hannun ya bar gida. Na ce Malam a kan gadon bayan 'yarsa ya gina sunansa. Ban sa sunan kowa ba, amma na sa Zariya, na sa unguwar, na sa rijiya da zauren da ke kallon gabas. Duk ɗan Limancin Kona da ya karanta shafin farko zai iya zuwa ƙofar gidanmu ido rufe. Wanda nake tsoro shi ne Baffa, ƙanen Gwaggo, wanda ke zaune a zauren Malam yanzu yana ba da karatu. Abin da ya kwantar mini da hankali nisa ne. Na duba taswira na ga Ostireliya can ƙasan duniya, na ce wa zai je can ya ɗauko littafi ya kawo wa Baffa.

Da farkon damina amsa ta zo. Agogonsu yana gaban namu sosai, don haka saƙonsu da asuba yake iske ni, in na idar da salla na ɗauki waya. Editar mace ce, ta ce sun zaɓi labarina cikin waɗanda za su shiga littafin bana. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya sauka. Wata biyu muka yi muna gyara, ita tana kukan sanyi ya hana ta sakat, ni ina kukan ruwa ya hana wankina bushewa. Mace ce mai natsuwa, ba ta barin kalma ta wuce ba ta tambayi dalilinta ba. Ta tambayi mene ne gafaka, ta tambayi me ya sa ake rubuta wasali da jar tawada. Na saba da ita har na fara ce mata ƙawata a gaban maigidana.

Sai wata asubar Talata ta aiko da takarda mai shafi ɗaya. Ta ce saura abu guda. Ƙa'idar kamfaninsu ce, duk labarin gaskiya da ya shafi wani mai rai ko sirrin wani dangi, sai an karanta wa mai labarin da harshen da yake ji, ya sa hannu cewa ya yarda. Ta ce ta san tuni na yi magana da gwaggona, takardar cika ƙa'ida ce kawai. Juma'a ta sama za su miƙa littafin ga masu injin bugawa don ya fito kafin hutunsu, in kuwa suka rasa layinsu a can, sai wata shekarar. Kwana goma ke nan.

Raina ya ɓaci, a tsaye na rubuta mata amsa mai tsawo. Na ce a wurinmu ba a kai wa tsohuwa takarda a ce ta sa hannu, cin fuska ne. Na ce ni 'yarta ce, labarinta nawa ne. Na ce wannan doka an yi ta ne don baƙon da ya saci labarin wasu, ba don 'yar gida ba. Washegari ta amsa da 'yan layuka. Ta ce ta fahimta, in sa hannu ne damuwar za su karɓi kowace irin shaida da ta dace da al'adarmu. Sannan ta tambaye ni kai tsaye ko Gwaggo ta san an rubuta. Na kife wayar na tafi makaranta, ranar kuwa 'yan aji uku sun sha faɗa ba su ji ba ba su gani ba.

Na kai takardar shagon kwamfuta aka buga mini kwafi biyu, na saka a jaka, ina yawo da su kamar laya. In na ce gobe zan je cikin gari, sai gobe ta yi in samo uzuri. Ranar Asabar da rana, yara sun tafi Islamiyya, na cire bakin biro na hure tawadarsa cikin murfin kwalba, na shafa a babban yatsana na hagu, na dangwala a wurin sa hannu. Ya fito raɗau. Na ɗauki hotonsa da waya, ina neman saƙon editar don in liƙa, sai maigidana ya shigo neman makullin babur. Mutum ne marar yawan magana, kuma ya karanta labarin tun kafin in aika.

"Wannan yatsan wa ne?" ya ce.

"Na Gwaggo."

Ya dubi takardar, ya dubi yatsana da ya yi shuɗi har gefen farce. "To, Malama. Shafi goma sha huɗu kin yi kina gaya wa mutanen nan babu mai hannun rubutu irin nata a birnin Zariya. Yanzu kuma za ki ce musu dangwale take yi?"

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni aikawa, amma ba shi ba ne. Gani na yi za a kama ni. Na yayyaga takardar na cusa a murhu, na yi kwana biyu ina ba shi abinci ba na kallon fuskarsa, kamar shi ya yi mini laifi.

Sai ranar Laraba na tafi, saura kwana biyu. Daga makaranta na hau ɗan sahu, cunkoso ya tsayar da mu a Ƙofar Kibo, na sauka na ƙarasa da ƙafa ina tsallake kwatoci. Hadari ya haɗu ta gabas. A zaure na tarar da Baffa da ɗalibansa, magidanta ne masu ɗaukar karatu bayan la'asar, a bayansa kuma ga gafakokin Malam jere a kan katako. Na durƙusa na gaishe shi, jakata a ƙirji.

"Lafiya da tsakar mako?" ya ce.

"Lafiya lau, Baffa. Gwaggo na zo dubawa."

Ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya koma kan karatunsa. Na wuce cikin gida.

Gwaggo tana bakin ƙofarta a kan tabarma tana tsinke zogale a faifai. Ta haura tamanin a lokacin, hannunta yana ɗan karkarwa in ta ɗauki kofi, amma idonta garau, har zare take sa wa allura da kanta.

"A'a, Uwata ce da ranar aiki? An kore ki ne?"

Na yi dariyar yaƙe na zauna. Na fara kewaye-kewaye, na ba ta labarin ƙasar da ke ƙasan duniya, inda ake sanyi da damina, na ce suna girmama tsofaffi ƙwarai, ba sa buga labarin mutum sai da izininsa. Ta bar ni na gama zagayena tana tsinke ganye.

"Labarin wa kika rubuta?"

"Naki, Gwaggo. Na alƙalami."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Ta ɗaga kai ta kalli hanyar zaure, sannan ta ture faifan gefe ta ce mu shiga ciki. Ta saki labule. Na nufi kujerar da ke fuskantarta, ta ce a'a, nan kusa da ita, inda za ta ga takardar. Gwaggo ba ta yi boko ba, ko harafinsa ɗaya ba ta sani ba, don haka ban ga abin damuwa ba.

Na fara karantawa ina mayarwa da Hausa. Shafukan farko sun tafi lafiya. Da na zo inda na kwatanta rijiya da kukan guga har ta yi murmushi. Da na zo wurin tawada ta katse ni.

"Wa ya ce miki da baƙin tukunya ake rubutu a takarda? Wannan ta allo ce. Ta takarda da bagaruwa ake yi da kashin maƙera, a sa ƙaro. Kin kwashi kuskure kin aika wa mutane har bangon duniya."

Na ce zan gyara. Na ji sanyi a raina, na ce tunda har tana gyara mini, ai ta karɓa. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, na ɗaga murya. A shafi na tara sakin layin nan yake, na manema da gadon baya. Tun a shafi na bakwai nake hango shi. Da na iso na ce, "Nan na ce kin sha wahala ƙwarai a shekarun nan," na kai hannu zan juya shafi.

Ta ɗora karkataccen yatsanta a kan takardar.

"Koma."

"Na'am?"

"Kin tsallake. Tun ɗazu idonki nake bi. Layi uku na Turancin nan numfashi biyu yake ci miki. Nan layi goma sha ɗaya ne, kin ba ni numfashi ɗaya. Shekara goma sha biyu ina kwafa ban taɓa tsallake wa kowa layi ba, ni ma ba za a tsallake mini ba. Koma daga nan."

Daidai farkon sakin layin ta sa yatsan. Na karanta. Na faɗi na manema, na faɗi na gadon baya, na faɗi inda na ce gidan malamai ya ci gumin mace ya goge baki. A Turanci kalmomin sun yi mini kyau, har editar ta yaba musu. Da Hausa, a cikin ɗakin nan, kusa da gadon da na yi jego a kai, zagi ne kawai. Ta sa na ci gaba har shafi na goma sha huɗu.

"Wa ya gaya miki an kori manema?" ta ce bayan na gama.

"Babu. Na dai ɗauka..."

"Ni na kore su. Su uku ne. Na ƙarshen ma ina sonsa." Ta gyara zama. "Ba ki tambaye ni yadda aka fara ba, da na gaya miki. Shiga na yi kai wa Malam ruwa, na tarar ya cika shafi a kan shafin da ya riga ya rubuta, baƙi a kan baƙi, yana ta hura shi ya bushe. Bai san abin da ya yi ba. Da ya fita masallaci na ɗauke, na sake rubutawa na ajiye masa. Wata huɗu ina haka kafin ya gane. Ranar da ya gane kuka ya yi, ya ce zai tara mutane ya faɗa musu. Ni na riƙe ƙafarsa na ce in ya faɗa zan bar masa gidan."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma halina ya motsa. "Gwaggo, haƙƙinki ne fa! Mutane suna alwala suna taɓa aikinki suna kiran sunan wani. Ya kamata duniya ta sani."

"Wace duniyar? Na kai miki ƙara ne? Abin da na ba ubana da hannuna, shi za ki je ki ƙwace masa a garin da ba su san shi ba, ba su san inda kabarinsa yake ba balle su yi masa addu'a?"

"Saura kwana biyu, Gwaggo. Shekara goma ina neman wannan."

Na ji kunyar maganar tun kafin ta gama fita. Sannan ta kamo hannuna na hagu ta juya babban yatsan wajen hasken ƙofa. Na wanke shi da sabulu da toka ba adadi, amma shuɗin yana nan siriri a gefen farce. Wadda ta yi rayuwarta cikin tawada ba ta buƙatar bayani. Ba ta tambaye ni ba, ta saki hannun.

"Ba ni takardar tasu, Malama."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana haka ba. Na ciro takardar daga jaka na miƙa mata.

Ta sunkuya ta jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado. Alƙaluma ne a ciki da reza da 'yar kwalbar tawada da ta bushe ƙamas. Ta ɗiga ruwa daga buta ta juya da tsinke, ta fere alƙalami ɗaya a hankali, ta gwada bakinsa a farce. Ta tambaye ni ina wurin da suke so a rubuta, na nuna mata. Ta naɗe ƙafa, ta ɗora takardar a gwiwa. Ban taɓa ganin Gwaggo tana rubutu ba sai ranar. Hannun da ke zubar da shayi bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Layi uku ta yi da ajami, miƙaƙƙu kamar an ja zare, kuma hannun da na taso ina gani a gafakokin zaure ne, babu abin da ya raba su. Ta hura ta miƙo mini.

Karatun ajamina na 'yan koyo ne, sai da na bi harafi-harafi. Layin farko ya ce an karanta mini duka. Na biyu ya ce ban yarda ba. Na uku ya ce in ƙasa ta rufe idona Malama ta faɗa da Hausa, ba suna, ta faɗi har abin da ita ta yi.

Ta mayar da gwangwaninta, ta ɗage labule ta ce ruwa ya tsagaita, in tafi kada magariba ta same ni a hanya. Na ratsa zaure da takardar a cikin hijabi, Baffa yana alwala a bakin ƙofa, ya ce in gaida yara.

Ranar Alhamis na ɗauki hoton takardar na aika tare da fassararta, ban rage komai ba. Na kuma gaya wa editar cewa maganar an kori manema ƙarya ce na ƙara. Da asubar Juma'a ta amsa. Ta ce ta yi baƙin ciki, sun cire labarin, sun sa na wani marubuci da ke jiran gurbi. Ta ce za ta goge hoton daga wurinta, amma in gaya wa gwaggona ta daɗe tana kallon rubutun ko da ba ta iya karanta shi. Ban gaya mata ba. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka, kuma rabin kukan na haushi ne, ba na nadama ba.

Littafin ya fito kafin hutunsu kamar yadda suka tsara. Ta aiko mini da kwafi, ya yi wata biyu a hanya. Na san ba na ciki, duk da haka sai da na bi jerin sunayen da yatsa har ƙasa. Daga wannan shekarar ban sake bin wa ya ci kyauta a Ostireliya ba.

Gwaggo ta ƙara shekara uku a duniya. Kowace Juma'a ina zuwa, ta karɓe ni, ta zuba mini abinci, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Amma ba ta sake ba ni wani labari ba. In na shiga tana hira da wata sai ta sauya magana zuwa tsadar gero. Malama take ce mini har ta koma ga Allah. Na ba ta haƙuri sau biyu, ta ce ai ya wuce, kuma na yarda ta yafe, sai dai ƙofar nan ba ta sake buɗuwa ba.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na sami Baffa shi kaɗai a zaure. Na ga bai kamata in rubuta komai ba sai ya ji daga bakina, kada in maimaita abin da na yi. Na durƙusa na miƙa masa takardar da Gwaggo ta rubuta, na shirya wa duk abin da zai biyo baya. Ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ya daɗe yana shafa gefen takardar da yatsa.

"Mun sani," ya ce. "Ni da ubanki tun muna samari muka gane. Malam ba ya ganin wanda ya shigo zaure sai ya yi magana, ta yaya zai sa wasali? Ba ta so a sani ba, sai muka bar ta a kan ba mu sani ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mana maganar ba, mu da muke ciki ɗaya da ita."

Ya naɗe takardar a kan tsohon naɗinta ya miƙo mini.

"Ke kaɗai ta taɓa gaya wa da bakinta."

Na karɓa da hannu biyu. Na zauna a nan ƙasan zauren har ɗalibansa suka fara shigowa suna ratsa ni.